Kilo Goma Sha Biyar

Adda Jebbu, kin ce in faɗa miki gaskiya
kafin ki biya tikitin nan mai sauƙi.
To ajiye tsintsiyar, ki zauna.

Araha ba ta ado, kin sani tun a kasuwa,
a sama ma halinta ke nan.
Abin da kika saya kujera ce kawai
da iskar da ke kanta.
Saura duk da kuɗinsa.

Na bar Jekadafari ana kiran assalatu,
na isa Lawanti rana ba ta fito ba.
Akwai wani sikeli a bakin kanta,
ba ya jin magiya, bai san ɗan gari ba.
Kilo goma sha biyar, suka ce.
Jakata ta hau ta nuna ashirin da biyu.
Yarinyar ta yi murmushi, ta latsa na'ura,
ta faɗi kuɗin bakwai ɗin da suka ƙaru,
na ji kamar zan sayi rabin fiffike.

A gaban jama'a na zuge jakar:
man shanun Inna, daddawa, kuka,
waken Kumo mudu uku.
Na ɗora manyan riguna biyu a kan kaftani,
ina gumi kamar angon da ake bi bashi.
Waken na bar wa mai shara, Hammayo sunansa,
bai fito gida da niyyar cin alale ba.

Jirgin bakwai ne, Adda.
Bakwai ta zama tara,
tara ta zama "za mu sanar da ku".
A nan muka yi azahar.
Ruwan gora a can ciki
sai ki rantse daga gajimare aka tatso shi.
Ki tafi da gyaɗarki, ki tafi da haƙuri,
shi dai ba a ɗora shi a sikeli.

A ciki kuwa, taga ma kuɗi ce.
Ni tsakiya aka ba ni,
dama wani mai sayar da waya yana minshari,
hagu wata ɗaliba ta ƙanƙame carbi.
Gwiwata da bayan kujerar wani bawan Allah
ba su rabu ba har Legas.
Keken abinci ya zo, na gyara zama:
biskit ɗaya,
da ruwa kamar na ba jariri magani.

Zai girgiza, kada ki yi ihu,
hanyar Dukku ta fi shi.
Kunne zai toshe, ki haɗiyi yawu.

Amma bari in faɗa miki wani abu.
Da muka ɗaga, ɗalibar nan ta ja da baya,
ta ce, "Baba, leƙa."
Na leƙa.
Gonaki ne, Adda, ƙyalle-ƙyalle,
kore, ruwan ƙasa, wani ja-ja,
irin waɗanda nake sharewa ƙarƙashin kekena,
an haɗa su baki da baki ba tazara.
Ga kogi can kamar zaren da ya kuɓuce wa allura.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗinki,
ban san ƙasarmu ɗinkakkiya ba ce.

Wannan ba su karɓi ko sisi ba.
Ina jin mantawa suka yi.

To ki je sunan jikarki.
Ki fara kai jakar wurin Tukur mai hatsi ya auna,
ki ci tuwonki ki ƙoshi tun a gida,
ki roƙi mai taga, wataƙila ɗiyar kirki ce.
Man shanun kuwa, ba direban motar dare.
Yadda jirgin nan yake,
ba mamaki ya riga ki isa.